Hannun Iya

Bana ma ruwa ya zo da fushi. Marka ta sauka a Haɗeja ta ƙi ɗagawa, shanya ba ta bushewa, ashana sai an ɗumama ta a hammata kafin ta kama. Duk wanda ya shigo gidan nan da labarin kogi yake shigowa: ya kai wuri kaza, ya taɓa bakin jinga, samari suna can suna ɗura yashi a buhu. Ni kuwa zama ya gagare ni. In na zauna a tabarma sai in miƙe in leƙa zaure, in na leƙa zaure sai in dawo in buɗe randa in rufe. Jikata Hafsa ta ce, "Kaka, wai ajiya kika yi a bakin kogin ne?" Na ce ta bar ni, ƙafafuna ne ba sa jin magana.

Jiya aka ce mutanen ƙauyukan fadama sun fara cika makarantar firamaren unguwarmu. Ina jin haka wani wari ya dawo mini hanci, warin jiƙaƙƙen gero da alli da hayaƙin ɗanyen ice. Shekaru sun yi nisa, haƙorana ma sun tafi sun bar ni, amma warin nan bai tsufa ba.

A lokacin ina da ƙuruciya, muna ƙauyenmu can bayan Kirikasamma, ɗa ɗaya gare ni, bai daɗe da yaye ba. Ɗan fari ne, kuma yaran yanzu sai an yi musu bayani. Hafsa in ta haihu na tabbata a waya za ta saka hoton ɗan, tana yi masa kirari duniya na gani. Mu a zamaninmu ba ka faɗin sunan ɗan fari, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi a gabanka sai ka kau da kai har wani ya ɗaga shi. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Ranar da aka yaye shi uwar mijina ta zo ta goya shi ta tafi ɗakinta, shi ke nan ya zama nata. Iya muke ce mata. Ita kuma tana ce masa Maigida, irin wasan kaka da jika, har sunan ya bi shi. A bayanta yake barci, a hannunta yake cin abinci.

Iya gajeriya ce, baƙa, mai saurin tafiya da saurin baki. Ita ce ungozomar garin, ita ake kira kuma in mace ta rasu. Da wuya ka nuna mutum a ƙauyen nan wanda ba hannunta ne ya fara taɓa shi ba. Mata suna kawo mata jarirai ta shafa musu kai don albarka, har cewa ake yi hannun Iya magani ne. Ina tsoronta, ina kuma son ta, don ranar da na haihu ita ta riƙe ni tana zagina har na daina kuka na yi abin da ya kamata.

Daminar ta fara da kyau. Gero ya yi kai, shinkafa ta yi kore shar a fadama, maza suna tafiya suna ƙirga buhunan da ba su gani ba tukuna. Sai marka ta kama, kogi ya ɗinga hawa a hankali. Maza suka tare a jinga da fartanya da kwando, mu muna kai musu kunu. Wata rana da hantsi muna daka muka ji ihu daga gabas, kafin mu ajiye taɓare ruwa ya shigo tsakar gida, ja, da kumfa, da kashin awaki a kansa. Katanga ta fara zama kamar an jiƙa ƙuli-ƙuli. Na ga rumbunmu ya karkata ya kwanta, hatsin bara ya bi ruwa. Na ɗauki tukunya da tabarma da buta. Iya ta ɗaure Maigida a baya da zani biyu, ta shiga gaba, ruwa har ƙugunta, ba ta waiwaya ba.

Makarantar firamare ce kaɗai a kan tudu. Nan garin duka ya juye. Mata da yara muka cika azuzuwa, maza suka zauna a baranda da gindin bishiya. Kowace mace ta shata wurinta da ƙullin kaya, wurin da bai fi shimfiɗar tabarma ba, in kika miƙe ƙafa sai ta shiga gidan wata. Da safe maza su hau kwalekwale su tafi gona, su yanko kan geron da ya leƙo saman ruwa. Mu mu baza shi a kan bencina, amma ina rana? Kafin ya bushe ya tsira, kununsa tsami kamar an zuba tsamiya. Kifi kam akwai shi da farko, tarwaɗa har cikin filin ƙwallo, sai dai babu gishirin kirki, babu busasshen ice. Muka koma tsinko bado muna shanyawa a bakin murhu muna yin tuwonsa, da tafasa in an samu. Yunwar ba irin mai kayar da mutum ba ce, irin mai sa ka jin haushin kowa ce. Ga sauro, ga kukan yara, ga ɗigar rufi a kan allo.

Abin da ya fi ba ni mamaki har yau shi ne ƙishirwa. Ruwa gabas, ruwa yamma, amma na sha babu. Shaddar makarantar, wato masai, ta cika ta tumbatsa, abin da ke cikinta ya haɗu da ruwan da ke kewaye da mu. Rijiya ɗaya ce ta tsira, aka sa dattijo a bakinta, kowane gida tulu ɗaya a wuni. In kika zubar, sai gobe.

To, a nan ƙwaryar ta shigo. Mu a al'adarmu in za a ci abinci ƙwarya ɗaya ake kawowa da ruwa, babba ya fara tsoma hannu, sai mai bi masa, har a zo kan yara. A gida ba a ganin aibinta, don ana gamawa ake watsar da ruwan. A makarantar kuwa wa zai watsar da ruwa? Sai aka ajiye babbar ƙwarya guda a bakin ƙofar ajinmu, a cika ta da safe, ta wuni. Tsofaffi su tsoma, mu tsoma, yara su tsoma. Kafin la'asar ruwan ya koma kalar kunun kanwa. Babu wanda ya ga laifi, tattali muke yi, kuma girma muke ba manya.

Ciwon ya fara da wata tsohuwa, amai da gudawa, kafin a ankara idanunta sun faɗa. Sai yaro, sai wani yaron. Aka jawo allo aka kare lungun ajin, nan ake kwantar da marasa lafiya. Wa zai shiga lungun? Iya. Ita ke ɗaga su, ita ke share su, ita ke wanke tsummokara, in rai ya yi halinsa ita ke wanka. Ban taɓa ganin ta ta yamutsa fuska ba. Wallahi mutanen nan ba su da kamar ta.

Akwai matar wani malamin makarantar, Malama Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna, suna zaune a gidan malamai a bayan azuzuwa. Ta taɓa aiki a ɗakin shan magani kafin ta yi aure. Ita ta shigo ajinmu wata safiya, ta tsaya a kan ƙwaryar nan ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Iyayena, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ciwon nan ba iska ke kawo shi ba, a hannu yake tafiya. Daga lungun can zuwa ƙwaryar nan, daga ƙwaryar nan zuwa bakin yara. Ku daina tsomawa. Wata ta zuba wa wata, ko kaɗan ne, a cuɗa da sabulu. In babu sabulu, toka ma ta yi."

Ta nuna da hannunta yadda ake cuɗawa, har tsakanin yatsu. Sai Iya ta ɗaga hannuwanta biyu ta juya su gaba da baya.

Ta ce, "'Yar nan, kin ga hannun nan? Duk wadda ke zaune a ɗakin nan, in ba baƙuwa ba ce, shi ya karɓe ta. Sau biyar yake alwala. Yau kuma shi ne mai rabon cuta?"

Malama Rifkatu ta ce, "Mama, ba naki kaɗai ba, har nawa."

Iya ta ce, "To, ki je ki wanke naki."

Mata suka yi dariya, aka bar maganar. Ni ban yi dariya ba. Maganar ta shige ni ta ƙi fita. Da na bi ta waje, Malama Rifkatu ta dube ni, ta shiga gida ta yanko mini guntun sabulun wanki, bai fi ɗan yatsa biyu ba. Na ƙulle shi a bakin zani.

Daga ranar idona ya koma kan hannun Iya. In ta fito daga bayan allo ina gani. Ta tsoma a ƙwarya, ta yarfe, ta goge a zani, ta zauna ta jawo Maigida kan cinya, ta gutsuro tuwo ta murza shi da yatsu ta sa masa a baki, har ta lakato abin da ya zubo a haɓarsa ta mayar. Ni ina gefe ina tankaɗe, kaina a sunkuye kamar ban san da su ba. Kunya biyu ta ɗaure ni. Ba na iya ce wa uwar miji hannunta bai wanku ba, ba na kuma iya nuna cewa yaron da ke cinyarta ya dame ni.

Na tari maigidana a bayan aji da ya dawo daga gona, jikinsa duk ya yi fari don daɗewa a ruwa. Na faɗa masa a gajarce. Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Yanzu so kike in je in ce wa uwata hannunta da ƙazanta? A gaban garin nan?" Ya ɗauki igiyarsa ya wuce. Ban ga laifinsa ba, amma na ji haushinsa har wuya.

Sai na nemi dabara. Na ɗinga rage ruwan shana ina zubawa a buta. Da na ga Iya ta fito daga lungu, kafin ta kai ƙwarya, sai na sha gabanta na durƙusa.

Na ce, "Iya, kawo in zuba miki."

Ta tsaya ta kalle ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ikon Allah. Yau kuma sarauta aka naɗa ni?"

Na ce, "Kin gaji ne, Iya."

Ta miƙo hannu. Na zuba, na miƙa sabulu. Ta sansana ta ce tuwo zai yi warin wanki, amma ta shafa. Matan ajin suka samu abin yi. Wata ta ce, "Kai, wannan suruka da ladabi take, ko gado take nema?" Wata ta ce in na gama in zo in zuba mata ita ma. Na bar su suna yi. Iya ba wawuya ba ce, na san ta gane, amma tunda abin ya zo da sigar girmamawa sai ta bar shi a haka.

Matsalar ita ce ni ɗaya ce, aiki kuwa ba ya jira. Ni ce layin rijiya, ni ce neman ice, ni ce tsinko bado. Duk inda nake hankalina yana ajin. In ina layi sai in ɗinga ɗaga wuya, in roƙi ta gabana ta riƙe mini wuri, in ruga in leƙa, in dawo. In na tarar Iya tana bayan allo sai in ji sanyi, in na tarar Maigida yana barci sai in gode wa Allah. Na rame, ba don yunwa kaɗai ba. Sabulun ya ɗinga ƙanƙancewa, na koma haɗawa da toka, na ɓoye ɗan abin da ya rage. Har na san hannun Iya fiye da fuskata: tabon ƙuna a babban yatsa, zoben azurfa da ya nutse cikin nama, farcen da ya tsage bai sake haɗewa ba.

Akwai wata yarinya sa'ar Maigida, 'yar maƙwabciyar tabarmarmu, tare suke wasa da gwangwani. Da safe na gan ta tana gudu, da azahar an kai ta bayan allo, washegari kafin la'asar ta cika. Iya ce ta yi mata wanka. Ni a lokacin ina rijiya, layin ya yi tsawo, kukan uwar na jiyo daga nesa. Na samu aka cika mini tulu, na ɗora a kai, na taho da sauri ƙafata tana zamewa a taɓo.

Daga bakin ƙofa na hango su. Iya tana zaune, idanunta jajur, hannunta yana ɗigar ruwan ƙwarya. Maigida yana kan cinyarta ya buɗe baki, lomar tuwon bado tana tsakanin yatsunta.

Ban san lokacin da na saki tulun ba. Ya fashe a dokin ƙofa, ruwan wuni guda ya bi ƙasa. Na kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda tun ranar suna bai taɓa fita daga bakina ba, na kira shi da ƙarfin da har mazan baranda suka miƙe. Na tsallake ƙafafun mutane na fizge shi daga cinyarta na rungume.

Na ce, "Kada ki ba shi, Iya. Don Allah kada ki ba shi. Ɗana ne."

Hannun Iya yana nan a sama da lomar. Ta dube ni, ta dubi lomar, ta mayar da ita cikin akushi a hankali.

Ta ce, "Ashe kin san sunansa."

Ta miƙe, ta kwance zanin goyon da ke ɗaure a ƙugunta, ta ninke shi, ta ajiye a gabana. Ta ce, "Ga shi nan. Riƙe ɗanki." Ta koma bayan allo.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Mata suka ɗinga magana ƙasa-ƙasa, wai idona ya bushe, wai matar malam ta zuba mini wani abu a kunne. Iya ta daina amsa gaisuwata. In na durƙusa da buta sai ta zagaye ni. Amma na lura da abu ɗaya: ba ta sake zuwa kusa da akushin yara ba, nata ko na wasu.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne yaron. Bai san hannuna ba. In na kai masa loma sai ya kau da kai ya ce Iya. Ya yi kuka har muryarsa ta dushe, yana miƙa hannu wajen allo. Na cuɗa hannuna da toka har ya yi ja, na lallashe shi, na yi masa waƙa a gaban mutane, tunda kunyar ta riga ta zube tare da ruwan tulu. Da ƙyar ya fara karɓar kunu a ludayi. Ina ba shi ina kuka, don ban san ko na cece shi daga ciwo ba ne ko na jefa shi a yunwa.

Ana cikin haka Iya ta kwanta. Ba wanda ya kai ta lungun, da ƙafarta ta shimfiɗa tabarma a can ta ce kada a dame ta. Matar da ta yi jinyar kowa, da aka duba mai jinyarta sai kowa ya sunkuyar da kai. Na damƙa yaron a hannun ƙanwar maigidana, na shiga. Malama Rifkatu ta kawo tafasasshen ruwa da gishiri da sukari, muna ba ta da cokali, yana shiga yana fita. Yanzu hannuna ne abin tsoro. In na fito sai an zuba mini na cuɗa da toka har gwiwar hannu kafin in taɓa ko bakin tulu. Fatar ta tsattsage, in ruwa ya taɓa kamar barkono.

Iya ba ta yi mini magana ba ko da nake juya ta ina share ta. Sai wata rana da hantsi yaron ya kuɓuce wa mai riƙonsa, ya zagayo allo da gudunsa na 'yan yaye, yana Iya, Iya. Matar da ba ta iya ɗaga kai, sai na ga ta tura hannuwanta biyu ƙarƙashin bayanta ta danne.

Ta ce, "Ke! Ɗauke mini mijina daga nan! Ku fitar da shi!"

Ni ma ba na iya taɓa shi. Muka tsaya mu biyu, ni da ita, hannuwa a ɓoye, muna yi masa tsawa yana kuka, har aka zo aka ɗauke shi. Da aka fita da shi Iya ta juya fuska bango. Na ga kafaɗarta tana rawa.

Washegari jikinta ya yi sanyi, muryarta ta koma can ciki. Ta yafito ni da ido. Na kai kunne.

Ta ce, "Ina butar nan taki?"

Na kawo. Na kwance bakin zanina na fito da ɗan sabulun da na ɓoye, ya zama kamar ɓawon gyaɗa. Na tallafo hannuwanta a kan tasa ina zubawa. Da kanta ta cuɗa, a hankali, tsakanin yatsu, ƙarƙashin zoben, cikin farcen nan da ya tsage, yadda Malama Rifkatu ta nuna ranar da aka yi mata dariya. Ashe tana kallo. Ta ce, "Ƙara." Na ƙara. Sabulun ya narke ya ƙare a tafinta. Ba ta goge a zani ba, ta ɗaga su sama tana jira su bushe.

Ta ce, "A kawo shi."

Aka kawo shi aka tsayar a bakin allo. Ta miƙa hannun dama ta ɗora a kansa. Ta daɗe tana motsa baki. Shi kuma ya tsaya cak, kamar ya san ba lokacin rigima ba ne. Da ta gama ta janye hannun, ta dube ni, har da ɗan murmushin nan nata na tsokana.

Ta ce, "To, uwar ɗa. Je ki wanke masa kan. Kada ki tsaya kina jin kunyata."

Na wanke nawa hannun, na wanke masa kan da ruwan shan da ya rage mana. Kafin azahar Iya ta rasu. Tsofaffin da suka yi mata wanka ni suka kira in zuba musu ruwa da suka gama, ba wadda ta kalli ƙwaryar. Ba zan ce daga ranar kowa ya daina tsomawa ba, mutum da abin da ya saba sai a hankali. Ciwon ma bai tafi a ranar ba, sai da ya ƙara ɗaukar wasu, sannan ruwa ya ja baya muka koma muka tarar da gidajenmu sun zama tudun laka. Amma yaron bai kwanta ba, ko sau ɗaya.

Yau ga shi can da furfura a gemu, tun asuba yana bakin jinga yana yi wa samari faɗa a kan yadda ake jera buhu. A gidansa nake zaune. Baban su Hafsa nake ce masa. Sunan nan tun ranar ban sake faɗinsa ba, kuma ba yau zan fara ba.

Da azahar na ce wa Hafsa ta ɗauko kular tuwo mu kai makaranta. Ta ga na cika buta na sa sabulu a leda, ta ce, "Kaka, ai akwai bokiti mai famfo a bakin ƙofar shiga, an ajiye musu." Na ce na ji, ɗauko mu tafi. Bokitin yana nan kuwa, shuɗi, da sabulunsa a ɗaure da igiya. Yara suna ta wasa da shi. Tsofaffi kuma suna wuce shi kamar ba don su aka ajiye ba.

Ajin da muka shiga, warin nan ne dai, bai canza ba. A tsakiya wata dattijuwa tana zaune da ɗan yaro a cinya, roba da ruwa a gefenta wanda kowa ya tsoma, ta jawo kwano tana shirin gutsura. A bakin ƙofa kuwa wata yarinya tana tsaye da tsintsiya, ba shara take ba. Ta shiga, ta fita, ta gyara ɗankwali, idonta yana kan hannun tsohuwar. Ba sai an gaya mini wace ce ita ba.

Na ba Hafsa kular. Na taka har gaban dattijuwar, na dafa benci, na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Na ce, "Sannu da hanya, Yaya. Kin sha ruwa, kin sha taɓo. Kawo in zuba miki."

Ta dubi furfurata, ta dubi butar. Ta ce, "Haba, Hajiya, da girmanki?"

Na ce, "Ai ba yau na fara ba."

Ta ajiye kwanon ta miƙo hannuwa biyu. Ina zubawa tana cuɗawa, kumfa yana sauka a tasa. Da na ɗaga kai na dubi ƙofa, yarinyar ta jingine tsintsiyar, ta samu wuri ta zauna.